WAKE NAMAN GIDA: Yadda Za A Dafa Shi Da Sauri Ba Tare Da Ƙona Itace Da Yawa Ba

Bayanin wannan karo a kan wake ya ke, kuma mun fi nufin mutanen Attantane da sauran garuruwan gundumar Mayahi da ta Tasawa, cikin jahar Maraɗi. Wanda ya iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba, musamman mata, domin yawancin aikin a hannunsu ya ke.

Kowa ya san ƙasar nan tamu jigawa ce, ruwan sama kaɗan ne, kuma ba kowace shekara ya ke zuwa daidai ba. Duk da haka wake yana yi. Tsakanin layin hatsi a ke shuka shi, yana jure fari, saiwarsa tana ƙara wa gona ƙarfi, harawarsa kuma ta ci da tumaki da awaki har bazara. A duniya duka, in aka cire Nijeriya, babu ƙasar da ta kai Nijar noman irin wannan wake namu.

To, ina waken ya ke zuwa? Da an yi kaka sai a auna shi a kasuwa, lokacin da ya fi arha, domin biyan bashi da hidimar biki. 'Yan kasuwa su loda shi a manyan motoci, ya bi ta Maraɗi da Ɗan Isa da Jibiya, ya sauka kasuwar Dawanau ta Kano. Mu kuwa a bar mu da fura da tuwon miyar kuka safe da dare. In damana ta faɗi, aiki ya yi yawa, rumbu ya yi ƙasa, sai mai gida ya koma kasuwa ya sayi waken nan da tsada, in ma yana da kuɗin.

In an tambayi mata dalilin da ya sa ba a yawan dafa wake a gida, amsa uku su kan ba da. Na ɗaya, yana daɗewa a wuta, ga itace ya yi wuya. Na biyu, yana kumbura ciki. Na uku, ba ya ajiyuwa, ƙwari ke cinye shi kafin watanni uku. Duk gaskiya ne. Amma kowane ɗayansu yana da magani, kuma maganin bai fi ƙarfin talaka ba.

ABIN DA KE CIKIN ƘWAYAR WAKE

Abinci iri uku jiki ke bukata. Akwai mai ba da ƙarfin aiki, kamar hatsi da dawa da rogo da mai. Akwai mai tsare jiki daga cuta, kamar ganyaye da 'ya'yan itatuwa. Akwai kuma mai gina jiki, wanda likitoci ke kira furotin. Shi ne ke sa yaro ya yi tsawo, ya yi tsoka, shi ke gyara jikin mai jego da na wanda ya tashi daga ciwo. A kan same shi cikin nama da kifi da ƙwai da nono, a kan same shi kuma cikin wake da gyaɗa da kwaruru.

In aka auna giram 100 na busasshen wake, wajen giram 23 zuwa 25 furotin ne, watau kusan kashi ɗaya cikin huɗu. Hatsi kuwa wajen giram 11 ke cikinsa. Ɗanyen naman shanu marar kitse wajen giram 20 ne. Gaskiya ne wake yana shan ruwa in an dafa shi, saboda haka sai an ci da ɗan yawa. Amma ku gwada kuɗin tiyar wake da kuɗin naman da zai ishi gida, za ku ga wanda ya fi sauƙi.

Akwai wani abu kuma da ya kamata kowa ya sani. Furotin ɗin hatsi bai cika ba, akwai wani sashe da ya yi masa ƙaranci. Wannan sashen kuwa yana da yawa a cikin wake. Shi ma wake akwai abin da ya rasa, wanda hatsi ke da shi. In an gama su biyu cikin abincin yini ɗaya, kowane ya cike giɓin ɗan'uwansa, sai abin ya kusa kama na nama. Yadda su ke zama tare a gona, haka ya kamata su zauna tare a ƙwarya. Awon da ya dace shi ne wake kashi ɗaya, hatsi ko dawa ko shinkafa kashi uku.

Bayan wannan, wake yana da sinadarin ƙarfe mai ƙara jini, da wani bitamin da mace mai ciki ke bukata ƙwarai tun farkon ciki. Saboda irin wannan amfani ne Majalisar Ɗinkin Duniya ta keɓe shekarar 2016 ta zama shekarar wake da danginsa, daga baya kuma ta sa ranar 10 ga watan Fabrairu ta kowace shekara ta zama ranarsu.

Mutanen wannan yanki ba su manta da yunwar 1973 da 1974 ba, ko ta 1984, ko wahalar 2005 da ta cika gidajen likita na jahar Maraɗi da yara masu tamowa. Amma a lura, ko a shekarar da aka yi albarka a kan ga yaro da kumburin ƙafa da jan gashi a gidan da rumbu ke cike. Cikinsa yana cika, jikinsa ne ba ya samun abin gini.

FARKO SAI AN TSARE SHI DAGA ƘWARI

Ba a dafa abin da babu. Ƙwaron wake tun daga gona ya ke biyo shi. Yana yin ƙwai a bayan ƙwaya, tsutsa ta huda ta shiga ciki, cikin wata guda ta zama uwa, ita ma ta yi nata ƙwan. Shi ya sa buhu ke zama gari da ramuka kafin a farga. Ga hanyoyi uku na tsare shi ba da guba ba:

1. Buhu mai riɓi uku, wanda a ke kira PICS. Leda biyu ne masu kauri a ciki, da buhun saƙa a waje. Masana na jami'ar Purdue ta Amurka su ka ƙago dabarar tare da abokan aikinsu na Kamaru, aka fara baza ta a Nijar da maƙwabta daga shekarar 2007, da hannun ma'aikatan INRAN na Maraɗi. A busar da wake sarai, a zuba, a matse iska, a ɗaure kowace leda daban. In iska ta ƙare a ciki, ƙwari su daina ci, su mutu. A duba leda kada ta kasance da huda, a ɗora buhun bisa katako nesa da ɓera.

2. Jarka ko tano mai murfi. A wanke, a busar, a cika shi fal har baki, a rufe gam. Kada a yi amfani da wanda aka taɓa zuba fetur ko maganin ƙwari a ciki.

3. Toka. A tankaɗe tokar murhu mai sanyi, a gauraya awo ɗaya na toka da awo ɗaya na wake cikin tulu ko randa, a rufe sama da wata tokar. Wannan ya dace da ɗan kaɗan, kamar na iri.

Kafin a zuba a kowane ɗayansu, yana da kyau a baza waken da tsakar rana bisa baƙar leda, a lulluɓe da farar leda mai haske har awa biyu. Zafin yana kashe ƙwai da tsutsa.

Muna jan kunne game da zuba maganin feshi ko ƙwayar guba cikin waken ci. A shekarar 2015 ƙasashen Tarayyar Turai su ka hana shigar da busasshen wake daga Nijeriya saboda yawan maganin ƙwari da aka samu a jikinsa. Abin da baƙo ya ƙi saya, kada mu ba 'ya'yanmu.

Wata shawara: buhun da aka rufe ba a son yawan buɗe shi. A ware na ci cikin ƙananan jarkoki, a riƙa buɗe ɗaya bayan ɗaya.

DABARU HUƊU NA RAGE LOKACI DA ITACE

Ta ɗaya, jiƙo. A tsince wake da dare, a wanke, a zuba masa ruwa ninki uku, a rufe. Da safe a zubar da ruwan a gindin shuka, a sake ɗauraye shi. Waken da ya kwana a ruwa yana nuna da sauri ƙwarai bisa ga wanda aka zuba a bushe, sau da yawa cikin rabin awa ko sama kaɗan. Kuma wani kashi na abin da ke kumbura ciki yana fita tare da ruwan jiƙon. Lokacin zafi kada jiƙon ya wuce awa takwas, don kada ya yi tsami. In an manta ba a jiƙa ba, a tafasa shi minti biyu ko uku, a sauke, a bar shi a rufe awa guda, kana a zubar da ruwan a ɗora. Tsohon wake da ya daɗe a ɗaki mai zafi ya fi taurin kai. Shi a sa ɗan gishiri cikin ruwan jiƙonsa.

Ta biyu, kanwa da awo. Kanwa tana tausasa wake, iyayenmu sun san haka tun da daɗewa. Amma in ta yi yawa tana kashe wani bitamin da ke cikin waken, tana kuma ɓata ɗanɗano. Kamar girman ƙwayar gyaɗa ya isa rabin tiya, in an riga an jiƙa. A narkar da ita a ruwa, a bari yashi ya kwanta, a tsiyaye na sama. Mai hawan jini da mai jego su yi hattara ƙwarai. Tun cikin shekarun 1970 likitoci a Zariya su ka lura cewa yawan shan kunun kanwa yana cikin abubuwan da ke jawo wa masu jego ciwon zuciya da kumburi. Abu mai tsami kuwa, kamar tumatir da yakuwa da tsamiya, kada a zuba sai wake ya yi laushi, domin tsami yana hana shi nuna.

Ta uku, murhu da murfi. Murhun duwatsu uku a fili, iska ce ke kwashe yawancin zafinsa. A kewaye shi da laka, a bar ƙofa ɗaya ta itace, ko a nemi ingantaccen murhu irin Albarka na laka ko Mai Sauƙi na ƙarfe. A rufe tukunya kullum. Da ta tafasa a janye itace a bar biyu ko uku. Ruwan da ke tafasa a hankali da mai tafasa da hauka zafinsu ɗaya ne, bambancin itacen da aka ƙona ne kawai.

Ta huɗu, dahuwar kwando. Wannan ta dace da damana, lokacin da mata ke gona. Da safe, sa'ad da a ke dama kunu, a ɗora jiƙaƙƙen wake ya tafasa sosai minti goma sha biyar. A sauke tukunyar ba tare da an buɗe ba, a naɗe ta da tsohon zane, a sa ta cikin kwando ko ramin da aka shimfiɗa wa ƙaiƙayi ko busasshiyar ciyawa, a rufe sama da tsumma mai kauri. Zafin da ke ciki zai ci gaba da dafa shi ba wuta. Bayan awa uku ya nuna. In an dawo daga gona a sake ɗora shi ya tafasa kafin a ci.

GARIN WAKE: AIKIN YINI ƊAYA, HUTUN MAKO BIYU

Wannan ita ce babbar dabara. Abin da ke cin lokaci wajen ƙosai da alala shi ne surfe da wanki da zuwa inji kowace rana. In an yi aikin sau ɗaya aka ajiye gari, sauran kwanaki sai ɗiba kawai. Matan Arewa, wajen Dogon Dutse, sun daɗe da gane wannan. Da garin wake su ke yin beruwa, su busar da ita, ta daɗe a ajiye, in an tashi ci kuwa ba ta ɗaukar lokaci.

Ga yadda a ke yi. A tsince tiya biyu ko uku, a fid da tsakuwa da ruɓaɓɓe da mai huda, domin wake ɗaya shi ke ɓata gari. A yayyafa masa ruwa kaɗan, a surfa a turmi a hankali, ko a ɓarza a inji. A shanya ya bushe ƙayau, a sheƙe dusar a ba awaki. Daga nan a raba shi uku:

Kashi na ɗaya a bar shi ɓarzajje. Wannan na miya ne da fate, yana narkewa cikin minti ashirin.

Kashi na biyu a niƙa shi. Na ɗan wake a niƙa da laushi. Na ƙosai da alala a bar shi da ɗan tsaki-tsaki, domin gari mai laushi ƙwarai ba ya tashi da kyau a mai.

Kashi na uku a soya shi a busasshen kasko ba mai, ana juyawa har ya yi ƙamshi ya ɗan yi ja, kana a niƙa. Wannan na kunun yara ne.

A zuba kowane cikin busasshen mazubi mai murfi, a riƙa ɗiba da busasshen ludayi. Kada a yi wanda zai wuce mako biyu zuwa uku, balle da damana. Mata uku ko huɗu na gida ɗaya ko na unguwa suna iya haɗa kai su yi aikin rana ɗaya, a aiki yaro ɗaya inji.

ABINCI BIYAR BA NAMA

1. Ɗan wake. Garin wake gwangwani biyu, garin rogo ko na dawa gwangwani ɗaya, garin kuka cokali biyu, da ruwan kanwa kaɗan. A kwaɓa da ɗan tauri. In ruwa ya tafasa a riƙa gutsura ana jefawa. In ya taso sama a bar shi minti goma, a tsame cikin ruwa mai tsabta. A ci da man gyaɗa da yaji da albasa da tumatir. A lura da na kasuwa, wani rogo ne zalla, waken suna ne kawai. Na gida a bar wake ya rinjaya.

2. Wake da hatsi. Mutane sun ɗauka sai da shinkafa a ke cin wake, alhali shinkafa saye a ke yi, hatsi kuwa yana rumbu. A ɗora jiƙaƙƙen wake, in ya yi rabin nuna a zuba surfaffen hatsi ko tsakin dawa da aka jiƙa, a sa gishiri, a rufe su nuna tare. A soya albasa ko gabu cikin mai a zuba a kai. Wannan abinci yana riƙe cikin manomi daga hantsi har la'asar.

3. Miyar wake. A zuba ɓarzajjen wake gwangwani ɗaya cikin tafasasshen ruwa, da daddawa da albasa da tattasai. In ya narke a burga, a sa mai cokali biyu da gishiri, a ƙarshe a zuba yakuwa ko alayyafo ko ganyen wake. Wadda ba ta so ta canja miyar da mai gida ya saba da ita, ta dama garin wake cokali uku ko huɗu da ruwan sanyi, ta zuba cikin miyar kuka ko ta kuɓewa, ta bar shi ya dahu minti goma sha biyar. Miya ta yi kauri, daddawa ta rufe ƙamshin.

4. Kwaɗon wake da ganye. A dafa zogale ko tafasa ko rama ko ganyen wake, kada a bar shi ya daɗe a wuta. A gauraya da dafaffen wake da dakakken ƙuli-ƙuli da yaji da albasa. In da lemun tsami a matsa. Wannan ya tara abinci iri ukun nan in an ci shi da dambu.

5. Alala da ƙosai. A jiƙa gari da ruwa kaɗan rabin awa, a sa albasa da tattasai da gishiri. In alala a ke so, a ƙara mai, a zuba cikin ƙananan gwangwanaye da aka shafa wa mai, a turara rabin awa ko sama kaɗan. Gwangwani ko ganye ya fi leda. In ƙosai ne, a buga ƙullun sosai da muciya har ya yi haske, kana a soya. Ƙosai yana shan mai, saboda haka alala ta fi sauƙin kuɗi, ta fi kuma dacewa da tsofaffi da ƙananan yara.

Mai fama da kumburin ciki ya fara da kaɗan, ya fara kuma da wanda aka cire wa ɓawo. Bayan mako biyu ko uku ciki kan saba.

Abin tunawa game da jini: sinadarin ƙarfen da ke cikin wake ya fi shiga jiki in an ci shi da ɗanyen tumatir, ko lemun tsami, ko garin 'ya'yan kuka. Shayi kuwa yana tare shi. Mai ciki da mai ƙarancin jini su bar shayi sai bayan awa guda ko biyu da cin abinci.

KUNUN YARA

Icce tun yana ɗanye a ke tanƙwara shi. Tsawon da yaro ya rasa kafin ya cika shekara biyu, da wuya ya maido shi. Daga haihuwa har wata shida nonon uwa kaɗai ya ishe shi, ko ruwa ba ya bukata. Daga wata shida sai a ƙara masa kunu, ana ci gaba da ba shi nono har shekara biyu.

Kunun hatsi tsararo ruwa ne ya fi yawa a cikinsa, cikin yaro kuwa ƙarami ne. Ga haɗin da ya fi: hatsi gwangwani uku, soyayyen wake marar ɓawo gwangwani ɗaya, soyayyar gyaɗa rabin gwangwani. A soya kowane daban, a haɗa a niƙa, a tankaɗe. Gyaɗar da ta yi fumfuna ko ta yi ɗaci a zubar da ita, tana da guba mai cutar hanta. Irin wannan tunani ne ya haifi garin Misola da aka fara yi a Burkina Faso a 1982, da hatsi da waken suya da gyaɗa, wanda daga baya ya iso Nijar. Wanda bai samu na saye ba, na gida ya wadatar.

A dama gari awo ɗaya da ruwa awo uku, a dafa minti goma ana juyawa. A sa ɗan mai ko garin zogale. Kunun ya yi kaurin da ba zai zube da sauri daga cokali ba. In ya yi wa yaro kauri ƙwarai, kada a tsinka shi da ruwa. A barbaɗa ɗan garin tsiron hatsi yana da ɗumi, a juya. Nan da nan zai saki ba tare da ƙarfinsa ya ragu ba. A sake tafasa shi kaɗan, a bari ya huce. A wanke hannu da sabulu, a ba yaro cikin ƙwaryarsa shi kaɗai, don a san iyakar abin da ya ci. Ɗan wata shida zuwa takwas a ba shi sau biyu ko uku a yini, wanda ya fi haka sau uku ko huɗu.

In an ga ƙafar yaro ta kumbura, ko yana ta rama, ko ya ƙi ci, ba batun kunu ba ne kuma. A kai shi gidan likita ranar.

'YAN'UWAN WAKE

Kwaruru, wanda mata ke shukawa a gamana, yana yi a ƙasar da ta gaji. Ɗanyensa da kaka yana nuna da wuri. Busasshensa yana da tauri, gara a jiƙa shi kwana guda ko a niƙa a yi tubani. Waken suya ya fi kowane yawan furotin, shi a ke yin awara da shi, kuma awara cikin miya tana tsayawa a madadin nama. Akwai kuma adas, wani ɗan ƙaramin wake mai faɗi da a ke ci ƙwarai a Masar da Habasha da Indiya, an ambace shi cikin suratul Baƙara. Ba a noma shi a nan, yana son sanyi, amma a kan gan shi a kantunan birni. In ya zo hannunku ba ya bukatar jiƙo ko kanwa, minti ashirin zuwa talatin ya nuna. A yi da shi yadda a ke yi da ɓarzajjen wake.

Kada a manta da ɗanyen wake da ganyensa. Irin wake mai saurin nuna, kamar waɗanda tashar INRAN ta Tarna ke fitarwa, yana kai wa ga ci cikin wata biyu da 'yan kwanaki, tun hatsi bai nuna ba. Ɗan fili kusa da gida da aka shuka masa irin wannan shi ke tare yunwar watan Agusta da Satumba. Ganyen kuwa a tsinki masu taushi kaɗan-kaɗan, a shanya a inuwa, a ajiye don miyar rani. In an yi feshi a gona, kada a tsinka sai kwanakin da malamin gona ya faɗa sun cika.

ABIN DA WAKE BA YA YI

A Indiya da Turai da Amurka akwai mutanen da su ka bar cin nama da gangan, wasu har nono da ƙwai ba su taɓawa, wake da adas ne madogararsu. Mu ba haka mu ke nufi ba. Nama halal ne, aljihu ne ke hana mu. Kuma akwai bitamin guda, mai suna B12, wanda babu shi cikin wake ko hatsi ko ganye, sai cikin abin da ya fito daga dabba. Su waɗancan mutane ƙwayarsa su ke sha. Mu kuwa nonon da a ke damawa da fura, da ƙwan zabi da na kaji, da fara, da ɗan nama ran suna ko Salla, su ne ke ba mu shi. Saboda haka kada a kai ƙwai da nono duka kasuwa, a rage wa yara da masu ciki. Tsohuwar maganar nan cewa ƙwai yana sa yaro sata ba ta da tushe.

LISSAFIN MAI GIDA

Yanzu magana ta dawo kan maza. Gida mai mutum goma, in za a dafa rabin tiya sau uku a mako, tiya ɗaya da rabi ke nan. A shekara ya kama tiya 78, watau kusan buhu biyu masu tiya arba'in-arba'in. Wannan shi ne rabon gida. A fid da shi tun a masussuka, tare da na iri, kafin a kira mai awo. Abin da ya saura shi ne na kasuwa, kuma wanda ya iya riƙe shi cikin buhu mai riɓi uku har bazara, galibi ya fi samun kuɗi bisa ga wanda ya sayar da kaka. Wanda gonarsa ba ta ba da haka ba, ya ware ko buhu ɗaya ne, a fi ba da ƙarfi ga kunun yara da abincin damana.

Da ruwan ciki a ke jan na rijiya. Mai noma da fura zalla a ciki, kafin azahar hauya ta fi ƙarfinsa.

A taƙaice, ku riƙe waɗannan: a ware na gida tun da kaka, a rufe shi ba guba, a jiƙa da dare, a yi gari na mako biyu, a haɗa wake ɗaya da hatsi uku, a sa wa yaro a kunu tun daga wata shida. Mai neman ƙarin bayani kan iri da buhu ya tuntuɓi malamin gona na Mayahi ko na Tasawa. Batun abincin yara kuwa, a tambayi ma'aikatan gidan likita ranar awo.

Allah ya ba mu damana mai albarka, ya raya mana zuriya, amin.